Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Ake Gyara Muryar Tsohon Garmaho

1.0 Gabatarwa

Yawancin ɗaliban harshe na yau sun san kalmar garmaho ne a bakin tsofaffi ko a cikin littattafai, amma kaɗan ne suka taɓa jin muryarsa da kunnensu. Duk da haka, har yanzu akan tarar da wannan na'ura a wasu tsofaffin gidaje, an tura ta ƙarƙashin gado ko saman kabad, tare da 'yan faya-fayan da suka tsira daga fashewa. Idan aka ɗauko ta aka wana, sai a ji tana ƙara kamar an kaɗa gwangwani, daga nan sai a yanke hukunci cewa ta mutu. Sau da yawa kuwa ba mutuwa ta yi ba, wasu 'yan ƙananan sassa ne da ke fitar da sauti suka tsufa.

A wannan maƙala zan yi bayanin yadda garmaho yake fitar da sauti, da sassan da suka fi saurin lalacewa, da yadda ake gyara su ko musanya su, musamman a gari irin Minna. Zan kuma nuna abin da ya sa wannan aiki ya shafe mu, mu masu nazarin Hausa. Dalilin kuwa a fili yake: faifan da ke ɗauke da muryar mutanen da suka rigaya mu gidan gaskiya ba ya da madadi, kuma garmahon da bai da lafiya yana iya cinye shi cikin 'yan kwanaki.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1877 Thomas Edison na ƙasar Amurka ya ƙera na'urar farko da ke ɗaukar murya ta kuma maimaita ta. Tasa na'urar a jikin wani abu mai siffar gwangwani take zana sauti. Bayan shekara goma, a 1887, Emile Berliner ya fito da dabarar amfani da faifai shimfiɗaɗɗe, kuma ita ce ta haifar da garmahon da muka sani. A 1898 aka kafa kamfanin Gramophone a Landan, wanda daga baya ya shahara da tambarin HMV mai hoton kare yana sauraren ƙaho. A 1931 wannan kamfani ya haɗe da na Columbia suka zama EMI.

Muryoyin mutanen Nijeriya sun shiga irin waɗannan na'urori tun da wuri. Daga 1909 wani Bature mai nazarin al'adu, Northcote Thomas, ya ɗauki maganganu da waƙoƙi a Kudancin Nijeriya a kan gwangwanayen kaki. A ƙarshen shekarun 1920 kuma kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma mazauna Ingila cikin harsuna da dama, har da Hausa da Yarbanci, aka buga su a faifai aka turo kasuwanninmu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Decca shi ma ya shigo wannan harka da ƙarfi.

To ina Minna ta shigo? Minna gari ne na Gwari wanda jirgin ƙasa ya raya. An fara shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano a 1907, ya ratsa ta Minna, ya isa Kano a 1911, kuma a Minna ne layin da ya taso daga Ikko ya haɗu da shi. Wannan mahaɗa ta tara ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga ko'ina, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo. Irin waɗannan masu albashi su ne suka fi iya sayen garmaho daga kantunan manyan kamfanoni, kuma jirgin ne yake kawo kayan. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan aka tarar da garmaho a tsofaffin gidajen unguwanni irin su Limawa da Kwangila da Sabon Gari, tun kafin garin ya zama hedikwatar Jihar Neja a 1976.

3.0 Garmaho da Harshen Hausa

Kafin mu kai ga sukundireba, bari mu ɗan taɓa namu fannin. Kalmar garmaho aro ce daga kalmar Ingilishi gramophone. Tsarin gaɓar Hausa bai yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon kalma ba, don haka gra ta koma gar, wato baƙi, wasali, baƙi. Sautin f ya koma h a gaban wasalin o, sannan aka yar da n ta ƙarshe, domin yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Irin wannan sauyi ne ya ba mu hoto da tarho.

Ita kuwa kalmar faifai ba aro ba ce, faɗaɗa ma'ana ce. Bahaushe ya dubi abin nan zagayayye mai layuka suna kewaya juna, ya tuna da faifan da mata suke saƙawa don rufe ƙwarya da bakace, sai ya ba shi sunan. Kalmar ta yi ƙarko har ta wuce garmahon kansa, ga shi yau muna cewa faifan bidiyo ko da a waya muke kallo. Haka allura, wadda asalinta Larabci ne, ta tashi daga hannun maɗinki ta koma bakin garmaho. Su kuwa sassan ciki, zan kira su da sunayen da suka dace da aikinsu.

4.0 Yadda Sauti Yake Fita

Garmaho irin na wani ba ya amfani da lantarki ko batir. Idan aka wana hannunsa, wani sifirin ne a ciki yake nannaɗewa, sannan ya riƙa warwarewa a hankali yana juya faranti. Akwai kuma wani sashe mai ƙananan ƙarafa masu nauyi da ke daidaita gudun, don faifai ya riƙa kewayawa sau 78 a minti ɗaya. Faifai mai faɗin inci 10 yakan ɗauki kamar minti 3 a kowace fuska.

A jikin faifai akwai siririn kwari guda ɗaya da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. Wannan kwari ba miƙaƙƙe ba ne, yana da 'yan karkace-karkace hagu da dama, kuma su ne hoton sautin. Allura tana bin kwarin tana rawa. Rawar tana bi ta wata 'yar sanda, wadda zan kira sandar allura, zuwa tsakiyar wani tantani zagayayye. Tantanin nan kamar fatar kalangu yake: idan ya motsa sai ya motsa iskar da ke bayansa. Iskar ta bi ta cikin bututun hannu zuwa ƙaho, wanda yake faɗaɗa a hankali, sai sautin ya fito da ƙarfi. Allura da sandarta da tantani duk suna haɗe a wani ƙoƙon ƙarfe mai faɗin kamar inci 2, wanda zan kira ƙoƙon sauti. A nan mafi yawan ciwon garmaho yake.

Tantani iri biyu ne. Na farko da maika ake yin sa, wani dutse ne mai ɗaukar ido da ke ɓarewa falle-falle, ana kuma iya hango abu ta cikinsa. Shi ne a ƙoƙon da ake kira Exhibition da kuma mai lamba 4 na HMV. Na biyu da alminiyam marar kauri ake yin sa, ya kuma yaɗu daga 1925, shekarar da aka fara ɗaukar sauti da makirufo. Shi ne a ƙoƙo mai lamba 5a da 5b da ke zuwa da HMV 102, wato garmahon nan mai kama da akwatin tafiya da aka fara fitarwa a 1931.

5.0 Sassan da Suke Tsufa da Alamominsu

Na farko shi ne allura. Mutane da yawa ba su san cewa allurar ƙarfe fuska ɗaya ta faifai kawai aka yi ta ta buga ba. Da gangan aka cuɗa garin dutse a cikin faifan, don allura ta gogu ta ɗauki siffar kwari, faifai ya huta. Bayan waƙa ɗaya bakinta ya zama kamar kurfi. Idan aka sake amfani da ita, musamman idan aka juya ta, sassaƙe kwarin za ta yi. Alamar haka ita ce baƙar ƙura a bakin allura, da kwarin da ya koma fari-fari.

Na biyu zobban robar da suka riƙe tantani ta gaba da ta baya. Aikinsu biyu ne: su hana iska zurarewa, su kuma bar tantani ya yi rawa a sake. Roba kuwa ba ta jure shekaru, balle a zafin Minna na watannin Maris da Afrilu. Takan bushe ta yi tauri kamar busasshiyar taliya. Idan ta yi haka, tantani ya ƙage, allura ba ta iya bin karkacewar kwari, sai ta riƙa ture shi da ƙarfi. Ka tuna nauyin ƙoƙon sauti a kan faifai ya haura giram 100, alhali na'urorin zamani kusan giram 2 suke ɗorawa.

Na uku tantanin kansa. Maika takan tsage ko fallayenta su rabu, sai a ga wani hazo-hazo a jikinta, musamman kusa da tsakiya. Alminiyam kuma yakan lotsa ko ya huje. Alamar wannan ita ce zizar da ake ji kamar ƙudan zuma duk lokacin da mawaƙi ya ɗaga murya.

Na huɗu robar da ta haɗa ƙoƙon sauti da hannu, da kuma gaɓoɓin hannun. Idan suna yoyon iska, sautin ganga mai kauri yakan ɓace, murya ta fito siririya.

Na biyar jikin ƙoƙon. Wasu an zuba su ne da garwayen tutiya mai araha, wanda yake kumbura ya tsattsage idan ya daɗe. Wanda ya ga irin wannan tsaga kada ya matsa da sukundireba, domin ƙarfen yana iya rugurgujewa a hannunsa.

6.0 Matakan Gyara

Bayanin da zan kawo ya shafi ƙoƙo mai tantanin maika, domin shi ne mai sauƙin gyara, kuma irinsa na yi aiki a kai tare da wani dattijo mai gyaran agogo a nan Minna. Masu gyaran agogo sun fi dacewa da wannan aiki bisa masu gyaran rediyo, saboda babu waya ko lantarki a cikinsa, ƙananan sukurori ne da natsuwar hannu.

Kayan da ake bukata su ne ƙananan sukundirebobi, da hantsaki, da reza, da kakin zuma, da man keken ɗinki, da siririn bututun roba mai laushi, da farin ƙyalle da za a shimfiɗa don kada sukurori su ɓace.

Mataki na farko, a cire ƙoƙon daga hannu, a ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare kafin a kwance komai. Idan sukuru ya ƙi juyawa, a ɗiga masa mai a bar shi ya kwana. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na biyu, a kankare tsohon kakin da ke tsakiyar tantani, a kwance ɗan mitsitsin sukurun da ya haɗa shi da sandar allura. Sai an raba su sannan a buɗe bayan ƙoƙon, in ba haka ba sandar za ta tsaga maikar.

Mataki na uku, a fitar da tsohuwar roba, a goge mazauninta tas. A ɗaga maika a hasken rana a duba. Idan garau take, a goge ta a mayar. Idan ta yi hazo ko ta tsage, sai an nemi sabuwa mai faɗi da kauri daidai da ita. Har yanzu akwai masu sayar da irin waɗannan sassa a Ingila da Amurka da Indiya, ana kuma samun su ta intanet.

Mataki na huɗu, a yanka sababbin zobba biyu. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki: idan ba a sami bututun da aka yi don wannan aiki ba, robar bawul ɗin keke takan wadatar, muddin kaurinta ya dace kuma tana da laushi. Robar da ke rufe wayar lantarki ba ta yi, ta cika tauri. A yanka kowane zobe ya ɗan fi zagayen tsawo kaɗan, don bakinsa ya matse da kansa, kuma kada mahaɗar zoben gaba ta yi daidai da ta zoben baya. Shi kuwa ƙoƙo mai lamba 4 roba guda ɗaya yake da ita mai tsaga a ciki, wadda bakin maika yake shiga, don haka tasa sai an sayo.

Mataki na biyar, a zaunar da tantani a tsakiya sosai, yadda bakinsa ba zai taɓa ƙarfe ta kowane gefe ba. Idan ya taɓa, ziza za ta dawo.

Mataki na shida shi ne mafi wuya, wato daidaita sandar allura. Abin da ake so shi ne ƙafar sandar ta taɓa tsakiyar tantani da kanta, ba ta danna shi ba, ba ta kuma bar rata ba. Ana cimma haka ta hanyar sassautawa ko ɗaure 'yan sukurorin da ke gindin sandar, kaɗan-kaɗan, ana dubawa. Bayan nan a mayar da ɗan sukurun tsakiya, a ɗaure shi ba da ƙarfi ba.

Mataki na bakwai, a ɗora ɗan guntun kakin zuma kamar ƙwayar gero a kan sukurun, a ɗumama bakin ƙusa a kusantar har kakin ya narke ya rufe ramin. A yi haka gaba da baya. A nan karin maganar da na sa wa wannan maƙala ta tabbata, domin kakin da iyayenmu suka sani shi ne har yau maganin wannan rami. Kada a yi amfani da gam mai ƙarfi, domin zai hana mai gyara na gaba buɗewa.

Daga ƙarshe a gwada. A sa baki a ramin bayan ƙoƙon a hura a hankali. Idan iska tana wucewa, akwai yoyo. A shafi bakin allura da yatsa, ya kamata a ji sauti mai kauri ba tare da kwaramniya ba. Sannan a musanya robar baya, a shafa ɗan giris a gaɓoɓin hannu, a tabbatar allura ta kwanta a kan faifai a karkace, kamar digiri 60.

Ƙoƙo mai tantanin alminiyam kuwa, shawarata ita ce sabon shiga ya bar shi. Tantanin ya fi takarda laushi, taɓi ɗaya na yatsa yana lotsa shi, garin neman gira a rasa ido. Haka kuma gidan sifirin: ƙarfen da ke ciki yana da kaifi da ƙarfi, idan ya kufce yana iya yanke yatsa. Idan ana jin bugu a ciki yayin da faifai yake juyawa, tsohon giris ne ya daskare, sai a kai wa gwani ya wanke da kananzir ya sa sabo.

7.0 Gudu da Muhimmancinsa ga Mai Nazari

Bayan an gyara murya, saura gudu. A maƙala 'yar takarda a gefen faranti, a ƙirga kewayenta da agogo alhali allura tana kan faifai. Ya kamata a sami 39 a cikin daƙiƙa 30. Idan gudun ya ƙaru, murya takan sirance, wasula su gajarce, kiɗa ya yi gaggawa. Idan ya ragu, sai saurayi ya koma kamar tsoho mai jin barci. Ga wanda yake nazarin tsawon wasali, ko amon kiɗa, ko yadda mawaƙi yake jan gaɓa, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Ya kuma kamata mai nazari ya sani cewa faya-fayan da aka ɗauka kafin 1925, lokacin da ake waƙa a bakin ƙaho, ba sa fitar da sautuka irin su s da sh da f sosai. Kada a ɗauki raunin na'ura a matsayin karin harshen mai magana.

8.0 Kula da Faifai

Faifan garmaho mai gudu 78 da wani ƙaro ake yin sa, wanda wani ƙwaro yake samarwa a itatuwan Indiya da maƙwabtanta. Yana da nauyi, kuma yana fashewa kamar tangaran. Sifirit da turare suna narkar da shi, don haka da ruwa da ɗan sabulu marar ƙarfi kawai ake wanke shi, a kiyaye takardar tsakiya, a bar shi ya bushe a inuwa. A ajiye shi a tsaye cikin rigar takarda, nesa da rana da danshin damina da ƙurar hunturu.

Akwai kuma kuskuren da ya zama ruwan dare. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan roba mai gudu 33, a 1949 kuma RCA Victor ya fito da mai gudu 45. Irin waɗannan ne aka buga waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a kansu a shekarun 1970. Kwarinsu siriri ne, jikinsu kuma mai laushi. Allurar ƙarfe takan lalata su a bugu ɗaya, saboda haka kada a kusantar da su ga garmaho irin na wani. Haka faya-fayan da gidajen rediyo suke yankawa don amfanin kansu, masu ƙarfe a ciki da shafe a sama, su ko ruwa ba a sa musu.

Mai son saye kuma ya yi hattara da garmahon jabu, mai ƙaton ƙahon tagulla mai sheƙi da tambarin HMV, wanda ake harhaɗawa daga tarkacen tsofaffin injuna don masu ado. Yana da kyan gani, amma yana cin faifai.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa muryar garmaho ta dogara ne kan abubuwa 'yan kaɗan: sabuwar allura a kowace waƙa, roba mai laushi, lafiyayyen tantani, bututu marar yoyo, da gudu daidai. Amma ko garmahon da aka gyara sarai yana ɗan cin faifai a kowane bugu. Saboda haka idan aka sami faifan da ke ɗauke da Hausa, ko Nufanci, ko Gwaranci, ko wani harshe na wannan yanki, abin da ya fi shi ne a fara rubuta duk abin da ke jikin takardarsa, wato sunan kamfani da lamba da sunan mawaƙi, sannan a buga shi da na'urar zamani mai allurar da ta dace da gudu 78, a naɗe sautin a kwamfuta. Bayan haka sai a yi nazari a kan kwafin, a adana na asalin.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, idan an tafi hutu a tambayi kakanni, a leƙa ɗakunan ajiya. Cibiyoyi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta Kano an kafa su ne don adana tarihi da harshe, kuma sashenmu ma yana iya buɗe tasa 'yar taskar. Ɗalibin da yake neman batun kundin digiri zai iya samun aro da karin harshe da salon waƙa na shekaru 70 ko 80 da suka wuce a cikin faifai guda. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.